Masu Tsintar Katantanwa Da Bashin Da Suke Bin Duniya

Duk wanda ya ga magidanci mai cikakken hankali ya naɗe ƙafar wando, ya shiga kududdufi yana tsintar katantanwa yana zubawa a kwalba, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ko dai rashin aikin yi ya yi wa mutumin yawa, ko kuwa wani malami ne ya ba shi laƙani. A ƙasar Hausa katantanwa abin wasan yara ce, su ke murza ta a ƙasa tana juyi. To amma a ƙasashen Turai, tun daga ƙarni na 17 har zuwa tsakiyar na 19, tara katantanwa sha'awa ce ta sarakuna da attajirai da likitoci da limaman coci. An kashe dukiya a kanta, an yi gaba, an kuma rubuta manyan littattafai. Ya dace ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su san wannan labari, domin a cikinsa akwai amsar wata tambaya da akan yi a ofisoshin kasafin kuɗi, watau mene ne amfanin biyan mutum albashi don ya tara abin da ba a ci, ba a sayarwa, ya jera shi a akwati, ya rubuta masa suna.

Abin ya fi ƙamari a ƙasar Holan. Tun da aka kafa kamfanin cinikinta na ƙasashen Gabas a shekarar 1602, jiragen ruwa suka riƙa dawowa Amsterdam da kanumfari da masoro, matuƙa kuma suna cusa katantanwar tekun Indiya cikin akwatunansu, saboda sun gane akwai masu saye. Attajirai suka sa aka ƙera musu kabad mai aljihuna da yawa, suna jera katantanwar bisa launi da girma, wasu ma suna shirya ta kamar zanen fure, idan baƙo ya zo a buɗe masa ya yi mamaki. Kafin ta isa kabad ɗin kuwa, an riga an dafa ta ko an binne ta har dabbar da ke ciki ta ruɓe, an kankare fatar da ke lulluɓe da bayanta, an goge ta har tana sheƙi. In bakinta ya ɓare sai a daidaita shi da magagari. An yi gwanjo a ƙarni na 18 inda wasu katantanwu suka fi zane-zanen mashahuran masu zane tsada. A Ingila ma, da wata basarakiya, matar Duke na Portland, ta rasu, kwana 38 aka yi ana gwanjon kayan da ta tara a shekarar 1786, kuma katantanwa na daga cikin abin da ya fi yawa a ciki.

Akwai wata iri mai siffar mazubi wadda suka laƙaba wa suna da Latin mai ma'anar ɗaukakar teku. Kusan shekara ɗari biyu ana ɗaukarta a kan ta fi kowace wuyar samu, ƙwayoyin da aka sani a duniya duka ba su taka kara sun karya ba. A shekarar 1969 sai wasu masu nutso suka gano mazauninta a tsibiran Solomon, suka kwaso ta da yawa, farashinta ya faɗi warwas. Ashe dai ba ƙaranci ta yi ba, masu kuɗin ne ba su taɓa tambayar inda take zaune ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ilmin da ke cikin waɗannan aljihuna masu ƙyalli.

Mai karatu Bahaushe bai kamata ya yi wa Turawan nan dariya da yawa ba, tun da yake kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wuri kuwa gidan wata 'yar dabbar teku ne. Mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya fito. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a can a ƙarni na 14, ya ga yadda ake kwaso shi daga ruwa a zuba a ramuka har naman ya ruɓe, daga baya kuma ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gao. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan liyari guda, keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne. Da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya zo raɗa wa wannan wuri suna a shekarar 1758, sai ya kira shi moneta, watau kuɗi. Ƙarshensa ya yi kama da na ɗaukakar teku. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Hamburg suka shiga jigilar wani ɗan'uwansa daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma da yawan gaske, har darajar wuri ta zube. Fatake da masu gwanjo duk ɓawon suka sani, dabbar ba ta dame su ba.

Littafi na farko da aka keɓe wa katantanwa kaɗai wani limamin coci ne na Roma, Filippo Buonanni, ya buga shi a shekarar 1681. Sunan da ya ba shi ma ya nuna cewa shaƙatawar ido da zuciya yake nufi. Zane-zanensa suna da kyau, amma ya tsaya kan tsohon ra'ayin Aristotle cewa irin waɗannan dabbobi daga laka suke fitowa haka kawai, ba uwa ba uba. Wanda ya ɗara shi shi ne wani likita na Ingila, Martin Lister, wanda ya fitar da babban littafinsa kashi-kashi tsakanin 1685 da 1692, da zane fiye da dubu. 'Ya'yansa mata biyu, Susanna da Anna, su suka yi zanen, tun suna 'yan mata, kuma farantan tagullar da aka buga shi da su suna ajiye a Oxford. Lister ya feɗe dodon koɗi ya duba kayan cikinsa da madubin ƙara girma. Duk da haka ya ƙi yarda cewa katantanwar da ake tonowa cikin duwatsu ta taɓa rayuwa, a ganinsa dutse ne kawai ya yi kama da ita.

Labarin Georg Rumphius ya cancanci a tsaya a kansa. Bajamushe ne da ya shiga aikin kamfanin Holan, aka tura shi tsibirin Ambon, cikin ƙasar da ake kira Indonesiya a yau, ya zauna can kusan shekara hamsin har ya rasu a 1702. A shekarar 1670 ya makance. A 1674 girgizar ƙasa ta kashe matarsa da 'yarsa. A 1687 gobara ta cinye littattafansa da zane-zanensa. Da aka sake haɗa babban littafinsa na itatuwa aka aika da shi Turai, jirgin da ya ɗauko shi Faransawa suka nutsar da shi a 1692, sai kofen da aka bari a baya ya cece shi. Mutumin bai fasa ba. Yana shafa katantanwa da yatsunsa, ɗansa da magatakarda suna rubuta abin da yake faɗa. Littafinsa na halittun teku ya fito a Amsterdam a 1705, bayan rasuwarsa da shekara uku.

Abin da ya bambanta Rumphius da attajiran Amsterdam shi ne ya saurari masunta. Ya rubuta sunan kowace iri da harshen Malay da na mutanen Ambon, ya faɗi inda take zama, ko cikin yashi ko kan dutse, da lokacin da ake samunta, da wadda ake ci da wadda ba a ci. Shi ya ba da labarin wata baiwa a tsibirin Banda wadda ta ɗauki katantanwa mai siffar mazubi, dabbar ta harbe ta a hannu, ta mutu. Masu jera irinta a kabad ba su san suna riƙe da gidan maharbi mai dafi ba. Bayan shekara kusan ɗari uku, daga dafin wata 'yar'uwarta aka samo maganin ciwo mai tsanani wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 2004.

Amma wanda ya fi kusa da ƙasar nan, kuma ya fi kowa gane bakin zaren, shi ne Michel Adanson ɗan Faransa. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya sauka Sanigal a 1749, a matsayin ƙaramin akawu na kamfanin cinikin Faransa, ya zauna fiye da shekara huɗu. Ya koyi harshen Wolof, ya bi gaɓar teku da kogin Sanigal yana tara tsirrai da dabbobi. Duk ɗalibin da ya taɓa haddace sunan kuka na ilmin kimiyya, Adansonia, ya ambaci sunan wannan mutum ko bai sani ba. A shekarar 1757 ya buga littafinsa kan katantanwar Sanigal, inda ya ɗauki hanyar da masu tara kaya na zamaninsa suka ga kamar ɓata lokaci ce. Ra'ayinsa shi ne ba a sanin dangin katantanwa sai an dubi mai gidan. Saboda haka ya riƙa ajiye su da rai yana kallon ƙahonninsu, guda nawa ne, ina idanu suke, yaya ƙafar da suke jan ciki da ita take, akwai murfin da ke rufe baki ko babu. Ya sa aka zana dabbobin suna leƙowa daga gidajensu, abin da ba safai ake gani a littattafan lokacin ba.

Ƙaddara ba ta yi masa daɗi ba. Shekara guda bayan littafinsa, a 1758, Linnaeus ya fitar da bugu na goma na tsarinsa, wanda daga baya masana suka amince shi ne mafarin sunayen dabbobi. Sunayen da Adanson ya raɗa, gajeru masu kalma ɗaya, sai suka faɗo bayan layi, wasu suka sake raɗa wa dabbobinsa suna aka jingina musu aikin. Linnaeus kuwa, duk da girmansa, cikin ajin tsutsotsi ya zuba katantanwa, ya kuma fi dogara da siffar ɓawo wajen rarraba ta. Sai a 1795 Georges Cuvier, wanda ya yi shekaru yana feɗe dabbobin teku a gaɓar Normandy, ya ware dabbobi masu taushin jiki a matsayin babban dangi mai zaman kansa, ya nuna cewa dodon koɗi da kawa da dorinar ruwa mai hannu takwas tsarin jikinsu ɗaya ne, ko da wani yana da gida wani ba shi da shi. Adanson ya rasu a 1806 cikin talauci.

Adalci ya sa a faɗi cewa attajiran nan ba a banza suka zubar da kuɗinsu ba. Kwaɗayinsu ne ya sa matuƙa suka riƙa kwaso kaya daga kowane lungu na duniya, kuma a cikin kabad ɗin sarakuna da attajirai masana irin su Linnaeus suka ga yawancin abin da suka bayyana. Laifinsu shi ne sakaci da 'yar takardar da ya kamata ta raka kowace ƙwaya. Hugh Cuming ɗan Ingila ya tara katantanwa fiye da 80,000 daga gaɓar Amurka ta Kudu da tsibiran Filifin, gidan tarihi na Landan ya saye su a 1866 a kan fam 6,000. Har yau masana suna kokawa kan cewa da yawa daga cikinsu ba a tabbatar da inda aka ɗauko su ba, domin ya dogara da tunawarsa fiye da rubutu. Ƙwayar da ba a san mahaifarta ba, komai kyanta, ba ta iya ba da shaida a kan komai.

Inda aka kiyaye takardar kuwa, abin mamaki ya biyo baya. Lamarck, wanda aka naɗa shehun malami mai kula da ƙwari da tsutsotsi a gidan tarihin halitta na Faris a 1793, ya shafe shekaru yana gwada katantanwar da ta zama dutse a kewayen birnin da wadda ke raye, daga nan ya kai ga ra'ayinsa na 1809 cewa halittu suna sauyawa da tafiyar zamani. Charles Lyell da Gérard Deshayes suka ɗauki ƙirge kawai. A kowane shimfiɗin dutse sai su duba, cikin ire-iren katantanwar da ke ciki, kashi nawa ne har yanzu ke raye a teku. Inda suka sami kimanin uku da rabi cikin ɗari suka san ya tsufa ƙwarai, inda suka sami wajen 17 suka san na tsakiya ne, inda ya haura sulusi suka san na baya-bayan nan ne. Da haka Lyell ya raba zamunna a 1833, kuma sunayen da ya ba su suna cikin littattafan ɗalibai har gobe. Wanda ya je Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake haƙar farar ƙasa don yin siminti, zai iya tsintar katantanwar teku cikin dutsen. Da irin wannan shaida masana suka gane cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani hannun teku ya taɓa malalowa har wannan yanki.

Daga cikin abin da Adanson ya tsinta a kududdufan Podor, bakin kogin Sanigal, akwai wata 'yar mitsitsiyar katantanwa ta ruwan daɗi, mara kyan gani, wadda babu attajirin da zai ba da anini a kanta. Ya kira ta Bulin. A 1781 wani masani ɗan Denmark, O. F. Müller, ya mai da sunan Bulinus. Alamarta ta farko ita ce in an riƙe ta da tsininta a sama, bakinta yana fuskantar mai riƙon, to bakin yana gefen hagu, alhali mafi yawan katantanwa a dama nasu yake. Wannan bambanci na hagu da dama ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake manya sun yi tuntuɓe a kansa. Mashahurin mai zane Rembrandt ya zana katantanwa a farantin tagulla a 1650, bai juya zanen ba, sai ta fito a takarda da bakinta a hagu, irin da ba haka Allah ya halicce ta ba.

A shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya, watau fitsarin jini, yana aiki a wani asibiti a Alƙahira. Amma ta wace hanya take shiga jikin mutum? Shekara sittin da huɗu aka yi ana gardama. Wani babban masani, Arthur Looss, ya dage cewa kai tsaye take shiga ba tare da wani ɗan tsakani ba, kuma girmansa ya sa mutane da yawa suka bi shi. A 1913 Miyairi da Suzuki suka gano katantanwar da ke ɗauke da irin cutar ta Japan. A 1915 aka tura Robert Leiper zuwa Masar saboda sojojin Ingila da ke can, ya tattara katantanwar magudanan ruwa na ƙauyen El Marg, ya tabbatar da cewa tsutsar fitsarin jini a cikin Bulinus take renon 'ya'yanta, ta hanji kuma a cikin wata iri mai faɗi kamar faifai. Ƙwai yana fita da fitsari ya shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya nemi katantanwa, ya hayayyafa a cikinta, sa'an nan ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. Leiper ya yi aikinsa cikin 'yan watanni domin ya tarar da ire-iren katantanwar da sunayensu da siffofinsu a rubuce. Tsakanin Bulin na Adanson da wannan bincike shekara 158 ne. Da an tambayi akawun kamfanin a 1757 me wannan 'yar katantanwa za ta amfana, da ba shi da amsar da za ta gamsar da ma'aji.

Nijeriya na cikin ƙasashen da tsargiya ta fi yawa a duniya. A wasu ƙauyuka har akan ɗauki fitsarin jini ga yaro kamar alamar girma, saboda yawansa. Akwai ƙwayar magani mai kashe tsutsar, ana kuma raba ta a makarantu, amma yaron da aka warkar yau zai koma kududdufin gobe, katantanwar tana nan tana jiransa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka shimfiɗa magudanan noman rani a Kadawa da sauran wurare irinsa, an samar wa manoma ruwa na shekara duka, an kuma samar wa katantanwa irin wannan ruwan. Ba wanda zai ce a daina gina madatsu. Abin da ya kamata shi ne kowace hukumar raya kogi ta kasance da ma'aikacin da ya iya rarrabe katantanwa, da kwalabe, da littafin rajista, ya riƙa zagayawa rani da damina yana rubuta wace iri ya samu, a wace magudana, a wace rana. Jami'o'i kuma su ware ɗaki da kabad da mai kula, domin ɗalibin da ya gama bincikensa ya bar samfurinsa da takardarsa a wurin da wani zai same su bayan shekara talatin. Sau da yawa kwalaben nan a bayan ɗakin gwaji suke ƙarewa da zarar an ba da sakamakon jarrabawa, kuma irin wannan kuɗi shi ake fara yankewa in kasafi ya yi ƙaranci, tun da ba shi da bikin buɗewa.

Kogin da Adanson ya yi tsintuwarsa ya riga ya nuna abin da kan faru. A shekarar 1986 aka gama madatsar Diama kusa da bakin kogin Sanigal, don hana ruwan gishiri shigowa lokacin rani. Ruwan ya zama na daɗi shekara duka, ciyawa ta yaɗu a gefen magudanai, katantanwa mai faɗin nan ta yawaita. A 1988 aka fara ganin masu tsargiyar hanji a garin Richard-Toll mai gonakin rake, inda a da ba a san ta ba, kuma kafin wasu 'yan shekaru cutar ta kama fiye da rabin mutanen wasu unguwanni da ƙauyukan da ke kewaye.